Kuben bindiga a dokar Tekzas

Jama'a, duk sanda aka yi harbe-harbe a Amurka, muhawararmu a nan kan tsaya ne kan wa ya cancanci riƙe bindiga. Ni wata ƙaramar magana ce a dokokinsu ta ɗauki hankalina: a ina mutum zai rataya ta?

A jihar Tekzas, daga 1 ga Janairun 2016, mai lasisi na iya fita da ƙaramar bindiga a bayyane, amma sai tana cikin kube na ɗamara ko na kafaɗa. Iri biyu kacal doka ta ambata. To wanda ya ɗaura nasa a cinya fa? Ko wanda ya kafe kuben a jikin kujerar mota? Ga lasisi a aljihu, amma wurin maɗauri kaɗai na iya jefa mutum cikin laifi, kuma ɗan sandan bakin titi aka bar wa fassara. Mu ma'aikatan ofis mun san wannan ciwon: ka lissafa abu biyu a takarda, gobe na uku ya tsaya maka a gaban tebur.

A 2021 majalisar jihar ta goge "ɗamara ko kafaɗa", ta bar "kube" kawai. A shekarar ce kuma Gwamna Greg Abbott ya sa hannu aka daina neman lasisi wajen mai shekara 21 zuwa sama. Gyaran kalmar ya yi, cire lasisin kuwa ni dai bai kwanta mini ba. Kuma har yau dokar ba ta faɗi mene ne kube ba.