Kunne kafin sufana

Yaran gareji na yanzu suna da na'urar da mu ba mu samu ba. Sai su jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ta rubuto musu abin da ke damun mota. Alheri ce, kuma ina taya su murna. To amma motar da aka ƙera kafin kwamfuta ta shiga inji ba ta da inda za a jona komai. Idan ta fara kuka, sai a koma ga kunne, kuma shi ne ilimin da nake tsoron ya bi mu kabari.

Motar da ta fi koya mini sauraro ita ce Datsun 240Z, ƙirar Japan, wadda ta fito a 1969. Mai kujera biyu ce, mai dogon bonet, an yi ta ne don gudu. Ita ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971, ta sake lashewa a 1973. Injinta mai silinda shida ne a jere, lita 2.4, da kafireto biyu, kamshaf ɗinsa yana sama, sarƙa ke juya shi. Ba ta yi yawa a ƙasar nan ba, 'yan ƙalilan ne suka shigo da ita, kuma masu ita suna ji da ita ƙwarai. Mutum zai zo hankali a tashe ya ce: "Oga, injina ya buga." Sau da yawa bai buga ba.

Ba na ɗaga bonet sai na zaunar da mai mota na yi masa tambayoyi. Yaushe ƙarar take zuwa, da sanyin safiya ko bayan inji ya ɗau zafi? A silo, ko sai an taka totur? A hawan tudu? Tana canzawa idan aka taka kuloci? Wane ne ya taɓa motar kwanan nan, me ya kwance? Rabin aikin yana cikin amsoshin nan, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, baƙin mai kuma yana tsinkewa da zafi, kuma waɗannan abubuwa biyu su ke raba ƙara da ƙara.

Ɗauki ƙas-ƙas ɗin da ake ji da safe, wanda ke ɓacewa bayan 'yan mintoci. Galibi gaskit ne na bakin salansa ya ɗan huje, hayaƙi yana tsartuwa. Da ƙarfen ya yi zafi sai kafar ta toshe kanta. Duba wurin, za ka ga baƙin tabo. Haka fistin da ya ɗan sassauta a cikin silinda: yana ƙwal-ƙwal da sanyi, ya yi shiru da zafi, kuma mota na iya daɗewa tana tafiya da shi. Wadda nake tsoro ita ce mai akasin haka, wadda ba a jinta da safe, sai inji ya yi zafi mai ya tsinke sannan ta fito daga ƙasa, gwam-gwam, tana ƙaruwa da totur, allurar mai tana sauka. Wannan metal ne na kon-rod. Idan ka ji shi, kashe inji nan take. Tazarar da ke tsakanin sauya metal da sayen sabon inji wani lokaci ba ta wuce tafiya ɗaya zuwa kasuwa ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini dabarar doguwar sukudireba. Ka ɗora bakinta a jikin inji, ka manna kunne a ƙotarta, ka riƙa matsawa daga sama zuwa ƙasa, daga gaba zuwa baya, kana kiyaye rigarka da yatsunka daga fanka. Kamar likita ne da abin sauraron ƙirji. Sannan ka ƙidaya bugun. Kamshaf yana juyawa sau ɗaya ne duk lokacin da kiranshaf ya juya sau biyu, saboda haka ƙarar bawul tana tafiya a hankali, rabin saurin inji, daga sama. Idan kana zargin metal, sai ka riƙa zare wayar filogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba. Silindar da ƙarar ta lafa a kanta ita ce mai ciwon. Idan kuma kukan daga gaba yake, cire fanbel ka tayar da inji na ɗan lokaci kaɗan. In ya yi shiru, famfon ruwa ne ko altanato. In kacau-kacau ɗin yana nan, sarƙar tayimin ce ta miƙe ko abin da ke ɗaure ta ya gaji. Duk wannan ba a kwance noti ko guda na cikin inji ba.

Akwai kuma ƙarar da ke zuwa a hawan tudu kawai, siririya, idan aka danna totur a babbar giya. Fetur ne ke kamawa ba bisa ƙa'ida ba, saboda an yi gaba da tayimin fiye da kima, ko man ba shi da kyau, ko inji yana zafi. Ba ta da amo sosai, amma tana iya huda fistin.

Abin da na fi son matasa su riƙe shi ne batun bawul. A wannan inji da hannu ake saita tazararsu: idan yana da sanyi, milimita 0.20 a na shigar mai, 0.25 a na fitar hayaƙi. An bar tazarar nan da gangan, don haka ɗan ƙas-ƙas mara ƙarfi alamar lafiya ce. Na sha ganin bakanike ya matse su tam don mai mota ya ji inji tsit ya ji daɗi. Bawul ɗin da aka matse ba ya zama daram a mazauninsa, ba ya samun inda zai sauke zafinsa, sai ya ƙone. Mai mota ya biya kuɗi an yi masa ɓarna, ya tafi yana godiya.

Irin wannan ne zuba mai mai kauri don a danne bugun metal, musamman idan za a sayar da mota. Wannan ha'inci ne, ko da wane suna aka kira shi. Ƙara saƙo ce; wanda ya toshe mata baki bai warkar da komai ba, ya dai ɗora asarar a kan wani bawan Allah. In ana son gaskiya, a juye man a kwano mai tsabta, a fita da shi rana. Idan yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe, magana ta ƙare, sai a sauke inji.

Na kuma koyi cewa faɗin "bar min ita ta kwana, zan saurare ta da sanyin safiya" ba ya rage wa bakanike daraja. Sannu ba ta hana zuwa. Gaggawar buɗe inji ita ke jawo a sayi kayan da ba a buƙata, ga kayan irin waɗannan tsofaffin motoci sai an sha wuya kafin a samu.

'Ya'yana masu koyon aiki, ku riƙe na'urarku, amma duk injin da ya shigo gareji lafiya lau ku tsaya ku saurare shi, da sanyi da zafi, har kunnenku ya haddace muryar lafiya. Ku kuma masu tsofaffin motoci, idan kun ji sabuwar ƙara, ku lura da lokacin da take zuwa, ku gaya wa bakanike dalla-dalla, kuma kada ku yarda a kwance muku inji kafin a faɗa muku inda ƙarar take fitowa da dalilinta.