Tsohon Siton Gyaɗa na Bakin Tasha

A garinmu, in ka tambayi yaro inda ake kai ɗinki, ko inda ake markaɗe, ko inda za ka sa wa wayarka caji, amsa ɗaya zai ba ka: "Je ka Sito." Yaron bai san asalin sunan ba. Ya dai buɗe ido ya ga wani dogon gini mai tsohon kwano a bakin tashar jirgin ƙasa, cike da shaguna da hayaniya. Mu da muka kwana biyu a duniya mun ga ginin nan yana ganiyarsa, mun gan shi kango, mun kuma ga ranar da mutanen gari suka tashe shi.

Garin namu yana cikin ƙananan garuruwan da ke kan layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Jirgi ya iso Kano a 1911, ba a jima ba cinikin gyaɗa ya buɗe, dalar gyaɗa ta tashi, sunan Alhassan Ɗantata ya zaga ko'ina. Da aka ƙarasa reshen Nguru a 1930, kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt suka bi layin suna kafa kantuna da wuraren ajiya, 'yan kasuwar Lebanon da Siriya na biye da su. Namu siton a wannan zamani aka gina shi, tun kafin a haife ni.

Wanda ya gina shi ya san abin da gyaɗa take tsoro, wato laima da gara. Harsashin dutse ne, an ɗaga daɓen siminti sama da ƙasa, bangon kuwa kaurinsa ya kusa kamu guda. Rufin ya yi tsawo ƙwarai, ƙarafa ne ke riƙe da shi, an bar kafofin iska a ƙarƙashin kwanon. Ko a tsakiyar bazara, in ka tsaya kusa da ƙofar ƙarfen nan za ka ji sanyi yana fitowa. A gaba akwai baranda mai faɗi, a nan aka kafa babban sikeli.

Ina ɗan yaro, da kaka, nakan bi mahaifina mu kai gyaɗa. Tun asuba ake ɗora wa jakuna mangala. Kafin hantsi filin tasha ya cika da jakuna da raƙuma da amalanke, ƙura ta tashi, mata masu fura da ƙosai sun baje kaya. Tun daga bakin gari 'yan baranda suke tare hanya, kowa na jan manomi ya sayar masa. A lokacin Hukumar Cinikin Amfanin Gona ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954, ita ke yanke farashi, masu lasisi su saya a madadinta. Manomi ba ya ciniki. Abin da ya rage masa shi ne ya zuba wa sikeli ido, alhali bai iya karanta shi ba. Akawu ya matsa ƙarfe, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya rubuta. Abin da mahaifina ke iya cewa kawai shi ne, "Malam akawu, a duba da kyau." A ƙirga masa fam da sulalla, ya ƙulle a lalita, mu juya. Leburori ne kaɗai ke shiga ciki da buhu a ka, su jera har kusa da rufi, ran da jirgi ya zo su loda a tarago a yi Kano, daga can a yi Legas.

Daga baya abubuwa suka taru suka karya gyaɗa. Farin 1973 ya cinye gonaki da dabbobi. A 1975 kuturtar gyaɗa ta sauka, ganye ya ƙanƙance, ƙasa ba ta ba da komai ba. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin hukuma, samari suka nufi birni, manoma suka koma wa gero da dawa da wake, don ciki ake fara cikawa. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona gaba ɗaya. Jirgi ma ya riƙa ɗaukar kwanaki bai zo ba. Wata rana aka sa wa siton kwaɗo, wanda ya tafi da mabuɗin bai sake dawowa ba.

Shekaru suka shuɗe. Jemagu suka mallake rufi, awaki suka mayar da baranda wurin kwana, ciyawa ta rufe sikeli. Yara suka ce akwai aljanu a ciki, iyaye kuma ba su ƙaryata ba, don gudun macizai. A hankali kwano ya fara raguwa da dare, falle ɗaya yau, biyu gobe. Sai wata damina iska ta yaye kusurwar gabas, ruwa ya fara zuba a kan bango.

Wannan ɓarna ce ta tara dattawa a ƙofar hakimi, 'yan shekaru bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa a 1991, lokacin da ma'aikata suka ƙaru a yankin, gari ya fara neman shaguna. Wasu suka ce a nemi izini a sayar da ƙarafan, a rushe, a yanka filaye. Wani tsohon tela da ke ɗinki a rumfar kara ya tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, duk damina ruwa yana jiƙa mini kayan mutane, ga rufi can jemagu na kwana a ciki kyauta." Aka yi dariya, amma maganar ta zauna.

Abin da ya fi ba da wahala shi ne gano mai ginin. Takardu sun bi hannu da yawa, daga kamfani zuwa hukuma, daga wannan jiha zuwa waccan. Ƙungiyar ci gaban gari ta yi ta zirga-zirga har aka yarda mata ta riƙe wurin amana, bisa sharaɗin ba za a sayar ba. Sai aka kira gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mai bulo ya kawo bulo, magina suka ba da kwanakinsu, 'yan garin da ke aiki a Kano da Kaduna suka aiko da kuɗin kwano, mata suka yi ta dafa abinci. Kashin jemagun da aka kwashe ma bai tafi a banza ba, masu lambu suka yi rububinsa.

Dabarar da aka yi ta burge ni har yau. An fasa ƙofofi ta ɓangaren titi, aka yanka shaguna jere da juna a jikin bango, aka bar tsakiyar a buɗe ta zama zauren gari. Da rigima ta taso kan wa zai samu shagon gaba, sai aka jefa ƙuri'a a gaban kowa, tela ya faɗa can ƙurya bai ce uffan ba. Aka sa haya kaɗan, kuɗin na shiga asusun gyara da albashin maigadi. Teloli suka shiga, da mai kemis, da wanzami, da mai gyaran rediyo wanda ɗansa yanzu waya yake gyarawa. Mai injin markaɗe sai da aka mayar da shi waje, don ƙararsa ta hana malamin yaƙi da jahilci jin muryar kansa.

Zauren kuwa ba ya hutawa. Da safe mata na koyon ɗinki da saƙa, ranar kasuwa su zuba adashi. Ma'aikatan rigakafi nan suke kafa teburinsu, haka masu rajistar zaɓe. Da dare samari su biya su kalli ƙwallo, dattawa na gunaguni. Ba komai ne ya tafi daidai ba. An taɓa cin kuɗin asusu, an yi shekarar da ba a taɓa rufi ba, wasu sun riƙe shago sun ba da shi haya a ɓoye. Amma duk ɗigon da ya faɗo, a kan kayan wani yake faɗowa, shi ya sa ba ya kwana ba a yi maganarsa ba.

A Kano an mayar da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa wuraren adana kayan tarihi, birni na da ƙarfin ɗaukar wannan nauyi. Ƙaramin gari ba shi da kuɗin ajiye gini don kallo. Tsohon gini a wurinmu sai ya ci da kansa, kamar kowane magidanci. Na ga sababbin shagunan da ake ginawa a bakin titi da siririn bulo da gajeren rufi, masu su na fitowa waje shan iska da azahar, 'yan Sito kuwa na ciki suna aiki.

Sikelin yana nan a baranda. An goge shi, an sa masa mai, yanzu riɗi da zoɓo ake aunawa a kai, manomi ya leƙa ya karanta da kansa, ko ya kira ɗansa ɗan makaranta.

Mahaifina ya shiga ginin sau ɗaya kafin rasuwarsa, ranar walimar saukar Alƙur'ani ta jikarsa. Na riƙe masa hannu muka wuce sikeli, muka tsallake dokin ƙofa. Ya tsaya da sandarsa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ƙarafan rufi. Can ya ce, "Ashe haka cikinsa yake. Shekara da shekaru ina kawo masa gyaɗa, ban taɓa wuce baranda ba." Aka shimfiɗa masa tabarma a sahun gaba, ya zauna.