Sandunan Da Suka Hana Ni Ƙona Wayar Wata Ɗaliba

In ka taɓa kawo mana matacciyar waya a PZ, ka ga yadda muke yi: a cire batir, a jona fanel da fawa saflai, a sa bolt 4, a danna maɓallin kunnawa, sai a ƙura wa lambobin amfiya ido. Yadda waya ke jan wuta a daƙiƙun farko shi ke nuna inda ciwon yake. Sai dai lambobin nan gudu suke yi, ido ba ya kama su duka.

Kwanaki wata ɗalibar ABU ta kawo mini waya daga Samaru, furojet ɗinta na ciki, ba ta da kwafi ko'ina. Ni dai 0.08 nake ta gani, har na kunna bulowa zan ɗaga ayisin wuta. Ka san zafin nan in ya taɓa memori, shi ke nan, furojet ya tafi.

Abokina mai karanta injiniyan lantarki ya ce, "Malam, dakata tukuna." Muka ɗauki bidiyon mitar, muka riƙa tsayar da shi muna rubuta kowace lamba da lokacinta. Ya buɗe Python a laftof, ya kira Matplotlib, ya rubuta plt.stem(lokaci, amfiya) da plt.show().

Shi stem ba ya haɗa ɗigo da ɗigo kamar plot. Kowace lamba sanda guda ce a tsaye daga sifili, da ɗigo a kanta. Layin plot yakan cike tsakani da abin da ba ka auna ba, a nan kuwa abin da mita ta faɗa kawai za ka gani. Ashe ma wanda ya ƙirƙiro Matplotlib a 2003, John Hunter, siginar ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya yake son zanawa.

Me muka gani? Gajerun sanduna, sai guda ɗaya doguwa wajen 0.6, sai sifili, sai a sake daga farko. Wato ayisin lafiyarsa ƙalau, wayar na yunƙurin tashi, wani abu na kayar da ita. Na zare filas ɗin sikirin, wuta ta hau daidai. Sikirin ne ke da shot.

In ba ka da kwamfuta, Pydroid 3 na Android yana ɗaukar Matplotlib. Ni abokin nawa ya saka mini shi cikin ƙaramar taga ta Tkinter, lambobi kawai nake zubawa. Rubuta su daga bidiyo ne har yanzu ke cinye mini lokaci, wallahi.