Yaƙin Da Ya Ƙare Da Aure

Ni mutum ne mai son labarin jarumai. In dai littafin yaƙi ne, ba na ajiye shi sai na ga ƙarshensa, kuma galibi ƙarshen ɗaya ne: wani ya faɗi, wani ya hau gadon sarauta. Amma akwai wani labari na mutanen ƙasar Filifin wanda ya saɓa wa wannan. Shi nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai a wannan fili.

Ita dai Filifin ƙasa ce ta tsibirai fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya. Turawan Sifen sun kafa mulki a can a 1565, suka yi fiye da shekara 300, har yawancin mutanen suka zama Kirista. Duk da haka kabilu da yawa sun riƙe dogayen waƙoƙinsu na jarumai, waɗanda ake haddacewa da ka, yara su karɓa daga bakin manya. Maranao, Musulmin da ke zaune a bakin tafkin Lanao a tsibirin Mindanao, suna da Darangen mai layi 72,000, wadda ta girmi zuwan Musulunci wurinsu. Ilokano kuma suna da labarin Lam-ang, wanda aka ce ya yi magana ran da aka haife shi, har ya zaɓa wa kansa suna. To, amma wadda ta fi kama mini hankali ita ce Hudhud ta kabilar Ifugao.

Mutanen Ifugao suna zaune ne a kan duwatsun arewacin tsibirin Luzon. Da yake ba su da fadama, sai suka sassare jikin duwatsu hawa-hawa kamar matakala, suka janyo ruwa daga dajin da ke sama, suna shuka shinkafa. A cikin waɗannan gonaki ake rera Hudhud, lokacin shuka da lokacin girbi, haka kuma a wurin zaman makoki. Labaranta sun fi 200, kuma guda ɗaya yakan ɗauki kwanaki kafin a kai ƙarshensa. Galibi tsohuwa ce take ba da waƙar, sauran matan da ke yankan shinkafa da 'yar wuƙa, zangarniya ɗaya bayan ɗaya, su riƙa yi mata amshi.

Babban jarumin waƙar sunansa Aliguyon. Ubansa yana da tsohuwar gaba da wani mutum na wani gari. Da Aliguyon ya kawo ƙarfi sai ya ɗauki mashi ya tafi ya tayar da ita. Can ya tarar da ɗan abokin gabar, mai suna Pumbakhayon. Aliguyon ya wurga mashi, Pumbakhayon ya cafe ya mayar masa, shi ma ya cafe ya mayar. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, kare jini biri jini, ba wanda ya kai wani ƙasa. Daga ƙarshe kowa ya ga girman ɗan'uwansa, suka ajiye makamai. Aliguyon ya auri Bugan, 'yar'uwar Pumbakhayon, shi kuma Pumbakhayon ya auri 'yar'uwar Aliguyon. Aka yi biki, gaba ta koma surukuta.

Wanda ya saurari waƙar zai ga al'adun mutanen a fili. Arziki a wurinsu shi ne gona da rumbun shinkafa. Baƙo kuwa ana tarbarsa da wani ƙwallo da suke taunawa da ganye da farar ƙasa, wanda yake a wurinsu kamar goro a wurinmu. Ɗaukar fansa ma ba tatsuniya ba ce. A zamanin da, in an kashe mutum, wajibi ne a kan danginsa su rama, sai fa in mai shiga tsakani ya sasanta su aka biya diyya.

A nan ne na tsaya na yi tunani. Mutanen da suka san ɗaukar fansa haka, me ya sa jaruminsu bai kashe abokin karawarsa ba? A ganina amsar tana wurin masu rera waƙar. Mata ne. Su ne ke haihuwar waɗanda ake kashewa, su ne kuma ke zaman makoki. Da suka sami damar tsara jarumi da bakinsu, sai suka ba shi ƙarfi da zuciya, amma suka hana shi zub da jini. Wanda ya sha zafin rana ai shi ya san daɗin inuwa.

A 2001 hukumar UNESCO ta sa Hudhud cikin manyan abubuwan gado na 'yan Adam, ta kuma sa Darangen a 2005. Amma takardar yabo ba ta rera waƙa. Shigar mutanen Ifugao addinin Kirista ta rage wa tsofaffin al'adu ƙarfi, kuma inda inji ya karɓi aikin girbi, ba sauran taron mata balle amshi. Saboda haka aka shiga koya wa yara waƙar a makarantun yankin, don kada ta bi tsofaffi kabari.

Wannan ya taɓa ni, domin mu ma mun ga irinsa. Iyayenmu mata suna da waƙoƙin niƙa da na daka. Da injin niƙa ya shigo gari, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki, waƙar ta bi shi. Ba na cewa a koma wahalar da, amma abin da suka faɗa a kan dutsen nan bai kamata ya ɓace ba. Ni dai na ƙudura in hutu ya zo zan zauna wurin kakata da littafi da alƙalami. Ina roƙon duk mai sauran tsohuwa a gida ya yi haka tun tana da rai. Allah Ya ba mu iko, amin.