Wasiƙa Kan Lissafin Sifirin

Aminina,

Takardar ɗan namu da ka aiko ta iso, na kuma bi ta layi-layi. Ka kwantar da hankalinka, yaron nan ya san fiziks. Ma'auni ne kawai ke kayar da shi, kuma wannan ciwo ne mai magani kafin WAEC.

Dubi tambaya ta farko. An rataya dutse mai kilogiram 2 a jikin sifirin, ya miƙe da santimita 4, aka ce a nemo taurinsa, wato k. Dokar ya rubuta daidai, F = kx, wadda Robert Hooke na Ingila ya wallafa a 1678: gwargwadon jan da ka yi wa sifirin, gwargwadon miƙewarsa, muddin ba ka ja shi har ya saki ba. Sai dai ya raba 2 da 4, ya rubuta 0.5. Wuri biyu ya zame. Kilogiram ba awon ƙarfi ba ne, sai an ninka shi da 9.8, wato jan da ƙasa ke yi, a samu newton 19.6. Santimita 4 kuma mita 0.04 ne. Idan ka raba 19.6 da 0.04, amsa ita ce newton 490 a kowace mita.

Abin da na fi so ya koya shi ne ya tsaya ya tambayi kansa ko amsar ta shiga hankali. Sifirin mai taurin 0.5, ai ƙaramin ƙwan kaza mai giram 50 zai miƙar da shi kusan mita guda! Ina zai iya da dutse?

A tambayar makamashi abin ya fi muni, domin a ½kx² ana ninka miƙewar da kanta. Wanda ya bar santimita, amsarsa za ta kumbura sau 10,000. A sifirin ɗin nan, daidai ɗin joule 0.392 ne.

Kada ka yi masa faɗa, don Allah. Manya ma sun faɗa wannan rami. A Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wani rukunin injiniyoyi ya lissafa ƙarfi da fam, ɗaya rukunin kuma ya ɗauka newton ne, alhali fam ɗaya na ƙarfi newton 4.45 ne.

Ka sa shi ya riƙa rubuta ma'auni a gefen kowace lamba, ya mai da komai mita da kilogiram kafin ya taɓa kalkuleta. Sannan ka samo masa sifirin mai laushi da rula, ya rataya ledar ruwa ɗaya, wadda take kusan rabin kilo, ya auna, ya ƙara ta biyu, ya ga miƙewar ta ninka da idonsa. Ya aiko mini da lambobin da ya samu, ina jira.

Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka,
Amininka