TIGA: Inda Babur Ɗin 'Yan Fim Ya Kafe

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san Tiga ko da bai taɓa taka wurin ba. Ruwan nan mai faɗi da duwatsun da jarumai ke rawa a kai, sau da yawa can ne. Dam ɗin yana ƙaramar hukumar Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da Kano. Gwamnatin Audu Baƙo ce ta gina shi a kan Kogin Kano, aka gama a 1974.

Abin da kyamara ba ta nunawa shi ne gaɓar ruwan. Da rani idan ruwa ya ja baya, saman ƙasar kan bushe ya tsattsage, amma ƙarƙashi taɓo ne zalla.

Nan wani yaron lokeshin ya faɗa ran wata Asabar. An aike shi ɗauko batirin kyamara, sai ya yanke ta gaɓa don sauri. Tayar baya ta nutse. Gogan naka ya dinga murza totur, tayar tana ƙara haƙa wa kanta rami har laka ta kai salansa. Ga rana tana sunkuyawa, ga kyamarar haya ce. Idan haske ya tafi, furodusa zai sake biyan kuɗin yini guda.

Wani dattijo masunci ne ya taso daga kwalekwalensa. "Kai yaro, kashe injin nan! Ƙarfi ba ya fid da shi."

"To Baba, ya zan yi?"

Suka sauke kayan, suka rufe mai, suka kwantar da babur ɗin a gefe guda har tayar ta fito daga ramin. Suka cike ramin da duwatsu da karan dawa, suka yaɓe lakar da ta toshe sarƙa, sannan suka tayar da shi. Baban ya hana shi hawa. Ya sa giya ta ɗaya yana tafe a gefe yana sakin kuloci a hankali, dattijon na turawa. Sai ga shi a kan tudu.

An ɗauki waƙar dab da magariba. Saboda haka, masu shirin zuwa Tiga yawon Sallah, ku bi sawun masunta. Inda ba su taka ba, kada ku kai babur.