Daga Fulatari zuwa Komadugu: takin gona, cutar tabki

Matafiyin da ya bar hanyar kwalta a Maine-Sorowa ya nufi arewa maso gabas, ba zai jima ba ƙasa za ta sauya masa fuska. Tuddan rairayi ne ke bin juna, ga itatuwan ƙaya nan da can, ga garken shanu masu dogayen ƙahoni. Nan ne ƙaramar hukumar Fulatari ta jahar Difa, sunan da a harshen Kanuri yake nufin mazaunin Fulani. Ruwan sama a yankin da ƙyar yake kai milimita 300 a shekara, cikin wata biyu ko uku kuma yake zuba. Don haka duk kwarin da ya tara ruwa da damina, dukiya ne a wurin makiyayi.

A tsakiyar damina irin wannan tabki yakan cika fal. Amma da kaka ta yi, ruwa ya fara ja da baya, sai dabbobi su riƙa shiga har gwiwa, suna sha suna zubar da kashi. Kafin a jima ruwan ya koma kore shar, gansakuka ta rufe shi, wari ya tashi. Makiyayi ya san wannan tun kaka da kakanni. Masana kuwa sun gano sunan mai laifin: wani sinadari da ake kira fosfor.

Fosfor ba dafi ba ne, abinci ne na tsiro. Yana cikin kashin dabbobi da najasar mutane, da wasu nau'o'in garin sabulu. Manomin da ya sayi buhun taki mai lamba 15-15-15, lambar tsakiya ita ce ta fosfor. Ƙasar noma ta Nijar tana cikin masu ƙarancinsa ƙwarai, shi ya sa gero ke tsumburewa. A ruwan daɗi ma ƙarancinsa ne ke taka wa gansakuka birki. Da ya yawaita, sai ta samu sake.

An tabbatar da haka a ƙasar Kanada a 1973. Wani masani, David Schindler, ya raba wani tabki gida biyu da labulen roba. Ya zuba sinadaran azot da karbon a ɓangarorin biyu, ya ƙara fosfor a ɓangare ɗaya kawai. Wancan ɓangare ya koma kore kamar miyar kuka, ɗayan kuwa bai sauya ba.

Ɓarnar tana tafiya daki-daki. Gansakuka ta tare hasken rana, ciyayin ƙarƙashin ruwa su mutu. Da dare ta shanye iskar da kifi ke shaƙa, idan ta mutu kuma ruɓewarta ta cinye sauran. Shi ya sa da asuba ake tarar da karfasa ta taso sama tana haki, ko ta mutu ciki sama. Wani nau'inta kuma yana fitar da dafi mai lalata hanta. Tun 1878 aka rubuta labarin tumaki da dawakai da suka mutu bayan sun sha ruwan tabkin Alexandrina a Ostareliya.

Daga Fulatari, wanda ya gangaro kudu ya sake hawa kwalta zai iso birnin Difa, a bakin Komadugu Yobe. Wannan gulbi shi ne iyakar Nijar da Nijeriya na tsawon kilomita wajen 150, kafin ya faɗa tabkin Cadi kusa da Boso. Ruwansa daga nesa yake zuwa, daga kogunan Haɗeja da Jama'are, wato daga ƙasashen Kano da Bauci da tuddan Jos. Yakan iso wajen watan Yuli, ya tumbatsa a ƙarshen shekara, ya cika fadamu da tabkunan da ke gefensa. Da rani ya tsananta sai ya tsinke, ya bar gurabun ruwa jefi-jefi.

A nan ne arzikin Difa yake: jan tattasai da fatake ke lodi zuwa kasuwannin Nijeriya, da shinkafa, da albasa, da banda. Injinan ban ruwa suna ruri a gaɓa, ruwan da ya ratsa fangali kuma yana komawa inda ya fito, ɗauke da ragowar taki. Ga masu wanki, ga kwatamin gari, ga dabbobi. Muddin gulbi na gudu, yana wanke abin da aka zuba masa. Da ya tsaya, kowane gurbi ya zama tukunya a bisa murhu: rana na ƙafar da ruwa, abin da ke ciki yana ƙara kauri.

Tabki marar zurfi yana da wata matsala ta dabam. Fosfor ba ya tashi sama tare da tururi, cikin laka yake kwantawa, ya liƙe wa sinadarin ƙarfe. Idan zafi ya yi yawa, iska ta ƙare a ƙasan ruwa, sai laka ta sake shi. Iskar hunturu da kofaton shanu da tarwaɗa mai tonon ƙasa su ma suna dama shi. Wato ko an daina zuba ƙazanta yau, bashin shekarun baya yana nan binne. Tabkin Veluwe na ƙasar Holan ya isa misali: an rage fosfor mai shiga cikinsa tun 1979, amma ruwan bai washe ba sai wajen 1996, bayan an kwashe kifaye masu dama laka. Ɓarna ta kwana ɗaya, gyara na shekaru.

Abin da ya faru a saman gulbin ya isa ishara. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ruwa ya daina bin tsarinsa na cika da bushewa a fadamun Haɗeja da Nguru. Ciyawar kacalla, mai son ruwa kwance da laka mai taki, ta mamaye dubban hekta, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Tabkin Cadi kansa, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25.000 a 1963 kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya tsuke shi, bai da zurfi. Abin da ke raya shi shi ne kai da komon ruwa: inda ya janye, manoma su shuka masara da wake ba tare da taki ba, amfanin gona ya zuƙe abin da laka ta ajiye.

Magani bai fi ƙarfin jama'a ba. Na farko, a tare taki tun a gona. Masana na INRAN da na ICRISAT da ke Sadore sun nuna cewa giram 6 na takin 15-15-15 a ramin shuka, gwargwadon abin da yatsu uku suka ɗiba, yana ƙara amfanin gero sosai. Wanda ya watsa buhu guda gab da ban ruwa, kuɗinsa ne ke bin kwata. Na biyu, a bar ɗamarar ciyawa da itatuwa tsakanin gona da gaɓa, don ta tace ruwa. Na uku, a keɓe mashaya, ko a ɗebi ruwa a zuba wa dabbobi cikin kwami nesa da baki. Na huɗu, idan tabki ya ƙafe a yashe lakarsa a kai gona, domin taki ce ta kyauta. Kacalla kuma a yanke ta a fitar da ita waje; a kwarin kogin Senegal har gawayi ake yi da ita.

Sauran aikin na mahukunta ne. Hukumar Tabkin Cadi, wadda Nijar da Nijeriya da Cadi da Kamaru suka kafa a 1964, ita ce zauren da ya dace a tattauna yadda madatsu za su riƙa sakin ruwa daidai da lokacinsa. Magadan gari da ma'aikatan gandun daji da na noma su ne kusa da tabkunan. Ƴan kasuwa masu sayar da taki su ma suna da ta cewa, domin kifin da ya mutu a gurbi ba ya zama banda, saniyar da ta sha gurɓataccen ruwa kuma ba ta daraja a kasuwa. Rigakafi ya fi magani, sai a tari abin tun yana bakin gaɓa.